Ɗan hakin da muka raina: ƙananan ma'adanai a jikinmu da jikin dabbobinmu

 

Duk lokacin da aka tayar da zancen abinci a ƙasar nan, da mudu da tiya da buhu ake auna shi: nawa ake sayar da buhun masara a Dawanau, nawa tiyar gero ta kai a Maigatari. Hakan ba laifi ba ne, domin wanda cikinsa ke kuka ba ya jin dogon bayani. Sai dai akwai wata yunwa da mudu ba ya iya aunawa. Tana kama yaron da ya ci tuwo ya ƙoshi, tana kama saniyar da ta yini a makiyaya. Masana harkar abinci suna kiranta ɓoyayyiyar yunwa, wato jiki ya samu abin cika ciki amma ya rasa wasu sinadarai da aikinsa ba ya tafiya sai da su. A wannan mako ina so mu duba wani ɓangare nata, wato ma'adanan da jiki ke buƙata ɗan kaɗan ƙwarai: ƙarfe, aidin, zink, siliniyam, tagulla da kobal.

Bari mu fara da ƙanƙantarsu. Baligi yana buƙatar aidin maikirogiram 150 a rana, kuma maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Idan mutum ya yi shekara 70 a duniya, duk aidin ɗin da jikinsa ya nema bai cika giram 4 ba, wato bai kai cikin cokalin shayi guda ba. Ƙarfen da ke jikin babban mutum gaba ɗaya giram 3 ne zuwa 4, kwatankwacin ƙaramar ƙusa. Amma da wannan ƙusa jini ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa kowace gaɓa, da wancan cokali kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa. Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abu na biyu da ya kamata mu riƙe shi ne, jiki ba ya ƙera ko ɗaya daga cikinsu. Daga ƙasa suke fitowa. Tsiro ya tsotsa daga ƙasa, dabba ta ci tsiro, mutum ya ci tsiron ya kuma sha nonon dabbar. Idan ƙasar wani yanki ta rasa wani sinadari, ciyawarta za ta rasa shi, geronta zai rasa shi, ƙwaryar nono da tukunyar tuwo su ma haka. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a raba maganar lafiyar mutane da ta dabbobi da ta gona, kowace a ofishinta, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Mu ɗauki aidin, wanda labarinsa ya fi ba da ƙarfin gwiwa. Dattawanmu sun san lokacin da ganin mai maƙoƙo a kasuwa ba abin mamaki ba ne. Maƙoƙo kumburin wata halitta ce da ke gaban wuya, wadda ke amfani da aidin wajen haɗa sinadarin da ke tafiyar da girman jiki da ɗuminsa da kuzarinsa. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai ta yi ta ƙara girma domin ta kamo ɗan abin da ya rage a jini. Kumburin shi ne abin da ido ke gani, kuma shi ne mafi sauƙi cikin ɓarnar. Mai ciki da ta rasa aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi jariri ba rai, ko ta haifi yaron da ƙwaƙwalwarsa ba za ta kai inda ya kamata ba har ƙarshen rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙarancin aidin a matsayin babban dalilin naƙasar ƙwaƙwalwa da ake iya kauce wa, shi ya sa ta ɗaga buƙatar mai ciki da mai shayarwa zuwa maikirogiram 250 a rana.

Aidin ya fi yawa a teku, saboda haka al'ummomin da suka yi nisa da teku, kamar mu, su suka fi shiga haɗari. Suwizalan, ƙasar duwatsu da maƙoƙo ya addaba, ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi sahu a 1924. Nijeriya ta wajabta haka a 1993, kuma a 2005, zamanin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ke jagorancin hukumar NAFDAC, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika sharuɗɗan wannan shiri. Yau matasa da yawa ba su taɓa ganin babban maƙoƙo da idonsu ba. Ba a gina asibiti ko ɗaya domin wannan nasara ba, ɗan ɗigon sinadari ne cikin gishirin miya.

Sai dai nasarar tana buƙatar tsaro. Aidin yana raguwa a gishirin da aka bari a buɗe, rana da laima suna dukansa, kamar yadda ake tara shi a faranti a kasuwanninmu. Gishirin gargajiya da ba ya bi ta masana'anta ba a sa masa aidin. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye: rogo da ba a sarrafa shi da kyau ba yana ɗauke da sinadarin da ke hana jiki amfani da aidin, kuma bincike a yammacin Sudan ya nuna gero ma yana da irin wannan tasiri a wurin da aidin ya riga ya yi ƙaranci. Ba ina cewa a bar gero ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina cewa al'ummar da gero ne abincinta ta fi kowa buƙatar ta tabbatar gishirinta mai aidin ne, a leda rufaffiya, a adana shi cikin mazubi mai murfi. Kuma ba a ce a ƙara yawan gishiri ba, domin ƙa'idar lafiya ita ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, saboda hawan jini.

Labarin ƙarfe bai kai wannan daɗi ba. Binciken lafiya da yawan al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba duka ne laifin abinci ba: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da cutar sikila suna da nasu kaso. Amma ƙarancin ƙarfe yana sahun gaba. Namiji baligi miligiram 8 ya ishe shi a rana, mace mai al'ada tana buƙatar 18, mai ciki kuma 27. Mu dubi yadda ake raba nama a gidajenmu, wa ake fara zuba wa tsoka, wa ke tashi da romo, sai mu ga cewa rabon ya saɓa da buƙata. Macen da ta shiga ɗakin haihuwa da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ranta. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba masu zuwa awon ciki ƙwayar ƙarfe da folik asid kullum, kuma maigidan da ya hana matarsa zuwa awo ya san abin da ya hana ta.

Akwai abin da ya kamata ɗalibai su fahimta a nan: abin da aka ci daban, abin da hanji ya tsotsa daban. Gero da dawa da wake suna da ƙarfe da zink, amma suna da wani sinadari da ake kira fayitet, wanda ke ƙulle su ya hana hanji ɗauka. Jiƙa hatsi, barinsa ya yi tsami ko ya tsiro, duk suna karya wannan ƙulli. Ashe kakanninmu da suka jiƙa gero suka yi kamu da koko, suka ruɓar da kalwa suka yi daddawa, sun yi aikin kimiyya ba tare da sun kira shi da wannan suna ba. Abinci mai bitamin C, irin su lemo, goba, ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka, yana ƙara yawan ƙarfen da jiki ke tsotsa idan aka haɗa shi da tuwo ko wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka mai ƙarancin jini ya bar tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi. Ƙarfen da ke cikin hanta da nama da kifi shi jiki ya fi saurin karɓa, kuma ko ɗan yanki ne a miya yana taimakon na hatsin. Fara ma, wadda 'yan birni ke yi wa kallon abin marmari, tana da ƙarfe da zink masu yawa.

Ƙarancin ƙarfe yana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Hanjin da ke ƙishirwar ƙarfe yakan buɗe ƙofarsa sosai, kuma ta wannan ƙofa dalma ke shiga jini. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ƙurar gubar ce ta yi kisan, amma ilimin likitanci ya tabbatar yaron da jikinsa ya rasa ƙarfe ya fi tsotsar dalma fiye da wanda ya wadata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zink kuwa, ba a ma san mutum na iya rasa shi ba sai a shekarun 1960. Wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, ya gamu da wani saurayi ɗan shekara 21 a Shiraz ta ƙasar Iran, wanda jikinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 10 ba, ko alamar balaga babu. Abincinsa gurasa ce marar tsami, yana kuma cin yumɓu. A 1961 Prasad ya bayyana zarginsa cewa zink ne ya yi ƙaranci, aikin da ya ci gaba da yi a Masar ya tabbatar da haka. Zink yana cikin aikin girma, warkewar rauni da garkuwar jiki. Binciken 2018 da na ambata ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Tsumburewa tana da dalilai da yawa, amma ƙarancin zink da yawan gudawa suna ciki, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa: gudawa ta zubar da zink, rashin zink ya sake jawo gudawa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF sun ba da shawarar a ba yaro mai gudawa ƙwayar zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, tare da ruwan gishiri da sukari, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma miligiram 10. Yawancin iyaye sukan daina da zarar gudawar ta tsaya, alhali cika kwanakin ne ke kare yaron daga dawowarta a watannin da ke tafe.

Siliniyam shi ne wanda na fi so hukumominmu su sa wa ido. A gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, wani ciwon zuciya ya yi ta kashe yara da mata masu haihuwa, ya yi ƙamari a 1935, sai a shekarun 1970 aka tabbatar ƙasar yankin ba ta da siliniyam, kuma ba mutane sinadarin ya rage cutar ƙwarai. Mu ma muna da namu ciwon zuciya da ke kama mata gab da haihuwa ko bayanta, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya na shekarun 1970 sun danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Daga baya, bincike a Yamai a farkon shekarun 1990, da wanda Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi a Kano suka wallafa a 2015, sun sami ƙarancin siliniyam a jinin masu wannan ciwo. Wannan ishara ce babba da ta cancanci a auna ƙasarmu da hatsinmu. Finlan, da ta gano ƙasarta matalauciya ce a wannan fanni, tun 1984 ta sa a riƙa zuba siliniyam cikin takin zamani, kuma adadinsa ya ɗaga a hatsi da nono da nama da jinin mutanenta.

Mu koma ruga. Makiyayi bai jira masani ya gaya masa cewa ciyawa kaɗai ba ta isar dabba ba. Duk ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulanin Bororo sukan kora garkunansu zuwa filayen Ingal a yankin Agadas domin dabbobi su sha ruwa mai gishiri su ci ciyawarsa, taron da ya zama biki na shekara-shekara a Jamhuriyar Nijar. Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma suka yi suna ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma da Fachi suna ɗauko kantun gishiri, wanda akasarinsa domin dabbobi ake sayensa a kasuwannin ƙasar Hausa. Kanwar da ake jiƙa wa shanu ma daga wannan sani ta fito. Ilimi ne na gaskiya, ya cancanci girmamawa. Iyakarsa ita ce gishiri da kanwa sodiyam suka fi bayarwa, ba su cike gurbin aidin ko zink ko siliniyam ko tagulla yadda dabba ke buƙata.

Saniyar da ke lasar ƙasa da suri, tana tauna ƙashi ko tsumma, magana take yi, kuma tauna ƙashi musamman alamar ƙarancin fosfaras ce. Baƙar saniya da gashinta ya koɗe ya koma ja-ja tana iya zama mai ƙarancin tagulla, haka ɗan ragon da aka haifa ƙafafunsa na baya suna tangaɗi. Ƙarancin siliniyam yana lalata tsokar maruƙa da 'yan tumaki har su kasa tsayuwa su sha nono. Rashin aidin yana sa akuya ta haifi ɗa mai kumburin wuya, marar gashi, ko matacce. Mafi yawan asarar ma ba ta zuwa da alama: saniya ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba, nono ya ragu, maraƙi ya ƙi girma, mai dabba ya ce rani ne ya yi tsanani.

Labarin kobal ya isa misali. A wasu yankunan Niyu Zilan da Ostireliya, tumaki da shanu sun yi ta ramewa suna mutuwa a tsakiyar ciyawa kore shar, har manoma suka ƙaurace wa filayen. A 1935 masana a Ostireliya suka gano kobal ne babu. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin dabba suna amfani da shi wajen haɗa bitamin B12, kuma abin da ake buƙata kusan kashi ɗaya cikin goma na miligiram ne a kowane kilo na abincin dabba. Da aka fara yayyafa shi tare da taki, filayen da aka yanke wa ƙauna suka zama makiyaya. Ina tambayar kaina: dabba nawa muke ɗora wa laifin mugun iri, alhali ɗan abin da ta rasa bai kai ƙwayar gero ba?

Dole in ja kunne a nan, domin a wannan fage tazarar da ke tsakanin magani da guba gajeruwa ce. Tumaki ba sa jure tagulla mai yawa. Takan taru a hantarsu a hankali, rana ɗaya ta fashe cikin jini, idon rago ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai turke ragon layya da ya ba shi dutsen lasa da aka haɗa domin shanu yana iya kashe jarinsa da hannunsa. Siliniyam idan ya wuce kima yana zubar da gashi ya lalata kofato. Ƙwayoyin ƙarfe na mai ciki, idan yaro ya samu ya haɗiye da yawa, suna iya kashe shi, don haka a ɗaga su inda hannunsa ba ya kaiwa. Mai sikila kuma kada ya sha maganin ƙarin jini sai da izinin likita, domin jikinsa na iya tara ƙarfe fiye da kima, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini. Masu tallan ƙwayoyi da garin "gina jiki" a tasha da kafofin sada zumunta ba su ne abin dogaro ba.

To, mene ne abin yi? A gida, abin bai fi ƙarfinmu ba: gishiri mai aidin a rufe, hatsi a jiƙa ko a bar shi ya yi tsami, ganye irin su zogale da kuka da rama a miya, ɗan nama ko hanta ko ƙwai a fara ba mai ciki da yaron da ya cika wata 6, domin daga nan nonon uwa kaɗai ba ya isarsa ƙarfe. A ruga da turke, a nemi dutsen lasa da aka rubuta irin dabbar da aka yi shi dominta, a kuma tuntuɓi malamin dabbobi.

Sauran aikin na hukuma ne. Ma'anar shirin sa aidin a gishiri, kamar yadda hukumomin duniya suka tsara shi, ta haɗa da gishirin dabbobi, kuma wannan ɓangare yana buƙatar kulawa irin wadda aka ba gishirin miya. Muna da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta NAPRI a Shika da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi a Vom, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da aka kafa a 2024. Ya kamata a ba su kuɗi su fitar da taswirar da za ta nuna abin da ƙasa da ciyawar kowane yanki suka rasa, a haɗa dutsen lasa daidai da buƙatar wurin. Takin NPK da gwamnoni ke rabawa sinadarai uku ne kacal a cikinsa, alhali masana'antun haɗa taki da ke jihohinmu za su iya ƙara zink a inda awon ƙasa ya nuna buƙata. Batun iri ma yana nan: a 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Nijar, wanda masu bincike na ICRISAT suka samar da shi da ƙarin ƙarfe da zink. Manomin Daura da na Gumel gero ɗaya suke ci da na Maraɗi, babu dalilin da zai sa irin wannan iri ya yi musu nisa.

Ana ta maganar gina makarantu da ɗaukar malamai, kuma ina goyon baya. Amma yaron da ya rasa aidin a cikin uwarsa, ya rasa ƙarfe da zink a shekarunsa biyu na farko, ya iso aji da nauyin da malami ba zai iya sauke masa ba. Gyaran yana da arha idan aka yi shi a kan lokaci, bayan lokaci kuwa kuɗi ba ya sayensa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.